Tocila Mai Wani: A Saya, Amma Da Ido Buɗe

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wagga jarida tamu mai farin jini domin in faɗi albarkacin bakina game da tocilar nan mai wani, wadda ake murɗa mata hannu ta kawo haske, masu talla kuma suna cewa ita da batir har abada. 'Yan'uwana manoma da 'yan tireda sun sha tambayata ko ta ci kuɗinta, don sun san na sayar da ita, na kuma yi aiki da ita. To, gani ya kori ji.

A shekarar 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako, har da ta Shinkafi inda muke saro kaya. Mu nan Sakkwato aka katse layin waya a Isa da Sabon Birni, aka hana sayar da fetur a jarka. Mai cajin waya ya rasa man janareta, batir mai kan damisa ya yi wuya, kananzir kuwa sai wane da wane. A cikin wannan hali ne wani fatake ya kawo mini tocilar nan dozin guda, ya yi ta rantsuwa ba ta mutuwa. Ni ma na ɗauki maganarsa na gaya wa mutanen garinmu, kafin kwana uku sun ƙare.

Abin takaici, kafin a gama kai gero rumbu an dawo mini da bakwai. Wata hannun ya karye, wata sai ta yi ta juyawa ba haske, wata kuma da ka daina murɗawa sai ta ɗauke. Na mayar wa mutane kuɗinsu daga jarina, amma kunyar ta fi hasarar zafi, don a ƙauye maganar ɗan kasuwa ita ce jarinsa.

Na kai ɗaya wajen mai gyaran rediyo muka kwance ta. Aikinta ɗaya da dainamon fitilar keke da muka sani: ɗan maganaɗisu ne ke juyawa kusa da naɗin wayar tagulla, sai wuta ta samu. Amma haƙoran da ke juya shi na roba ne, sirara ƙwarai. Sannan ga wani ɗan mitsitsin batir a ciki, shi ke ajiye wutar da ka murɗa. Ashe maganar ba ta da batir ƙarya ce. Batirin ɓoye shi aka yi, kuma zafin rana irin namu da yawan ajiya ba wani su ke kashe shi.

Duk da haka ba zan ce kada a saya ba, don in na faɗi haka na ci amanar gaskiya. Wadda na riƙe wa kaina ta yi mini rana. Wani dare da damina kunama ta harbi ɗiyata, tocilata mai batir ta mutu, wayar ba caji. Da mai wanin nan muka ga inda aka harbe ta, muka kashe kunamar a gindin randa, da ita kuma na raka su gidan mai magani. Don duba dabbobi a turke, ko zagayawa bayan gida, ko haska ƙasa saboda kububuwa, ta wadatar. Ba ta kuma tada gobara a ɗakin ciyawa irin na aci-balbal da kyandir. Wani malamin makaranta ya gaya mini cewa ko a ƙasar Holan, lokacin yaƙin Hitila ne kamfanin Philips ya yi ta ƙera irin wadda ake matsawa da hannu, sa'ad da batir ya yi musu wuya. Wato tun asali kayan ranar wuya ce.

Sai dai akwai ranar wuyar da ba ta yi wa magani, kuma wanga shi ne babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mu mutanen ƙasar Gobir mun san daren da ake jin ƙarar babura, kowa ya kwashi iyali a faɗa cikin dawa. A irin wannan dare ko tari mutum ba ya so ya yi. Ita kuwa tocilar nan sai an murɗa, in ana murɗa ta kuma ƙara take yi, ƙirrr, cikin tsit na dare ana jin ta daga nesa. Bugu da ƙari hannu biyu take so, alhali kai ɗaya na riƙe da yaro. Don Allah kada wani ya dogara da ita a nan. Haka kuma mai ban ruwan dare a fadama, haskenta ba ya nisa, ba ya daɗewa. Gara ya nemi mai cajin hasken rana ko wadda ake ɗaurawa a goshi.

Saboda haka shawarata ita ce, a saye ta a matsayin ta biyu, ta ajiya, don da babu gara ba daɗi. In za ka saya, murɗa ta a gaban mai ita kamar minti ɗaya, ka kunna ka ajiye, ku ci gaba da ciniki. In ta dusashe kafin ku daidaita, bar masa abinsa. Ka saurari haƙoran, in suna tsallake ko suna ƙas-ƙas ba za ta kai kaka ba. Ka zaɓi mai kusoshi wadda za a iya kwancewa a gyara, ban da wadda aka liƙe da gam. Wadda aka ce ga rediyo ga jiniya ga cajin waya duk a jikinta, kada ta ruɗe ka, hannunka zai gaji wayar ba ta ƙoshi ba. In ka kai gida ka ajiye ta a inuwa, ka riƙa yi mata wani a hankali bayan 'yan kwanaki ko ba ka bukatarta, kada kuma ka bar wa yara su mai da ita abin wasa.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana 'yan kasuwa, daga Maraɗi har Shinkafi, mu ji tsoron Allah mu faɗa wa mai saye aibin kaya tare da amfaninsa. Talaka da ya sayar da tiyar gero ya sayi tocila, haske ya zo nema. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ni na faɗa cikinsa da ƙaryar wani, na kuwa ji jiki. Hukumomi kuma su taimaka mana da tsaro, don in dare ya zama na barci, kowace irin tocila ta ishe mu.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

Naku,
Wani manomi ɗan tireda,
Turba, Ƙaramar Hukumar Isa,
Jihar Sakkwato.