Ninka Awon Sauti: Tsadar da Kunne Bai Shaida Ba

A tsakanin masu sha'awar kayan sauti masu tsada a Turai da Amurka da Japan, da kuma mujallun da suke karantawa, akwai wani ra'ayi da ya yi kaka-gida har ba a cika ja da shi ba, wato cewa akwatin da ke ninka awon sautin dijital yana kawo bambancin da kunne ke ji a fili, wai murya ta ƙara kusantowa, kayan kiɗa kuma su rarrabu. Kamfanoni irin su Chord Electronics da dCS, dukansu na Ingila, suna sayar da irin waɗannan akwatuna a kan dubban fam, alhali hujjar da cinikin ya dogara a kanta ba ta wuce shaidar mutanen da suka saurara suna kallon na'urar, sun kuma san kuɗinta.

Sautin dijital jerin lambobi ne, domin na'urar ɗaukar sauti tana auna ƙarfin kaɗawar iska sau dubbai a cikin daƙiƙa guda, tana rubuta kowane awo da lamba. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar kasuwa a 1982, yana ɗauke da awo 44,100 a kowace daƙiƙa. Ƙa'idar lissafin da ake dangantawa da Harry Nyquist da Claude Shannon, wadda Shannon ya bayyana a 1949, ta tabbatar da cewa wannan adadi ya isa a maido da duk sautin da kaɗawarsa ba ta kai rabin adadin ba, wato 22,050 a daƙiƙa. Jin ɗan Adam kuwa yana tsayawa ne a wajen kaɗawa 20,000, shi ma ga yaro mai lafiyayyen kunne, domin iyakar tana sauka yayin da shekaru ke ƙaruwa.

Aikin akwatin ninkawa shi ne ya lissafa sababbin lambobi ya cusa su tsakanin na asali, ta yadda idan zai mai da 44,100 ya zama 705,600, sai ya saka goma sha biyar tsakanin kowane awo biyu. Dukkan waɗannan lambobi daga na asalin aka ciro su, ba daga ɗakin da mawaƙi ya rera waƙarsa ba, kamar dai mahaucin da ya yanka tsoka guda gida goma sha shida, wanda yankansa ba ya ƙara wa naman nauyi. Amfanin ninkawa na gaskiya shi ne sauƙaƙa aikin matata, wato sashen da ke tace hayaniyar da ke tasowa sama da iyakar ji yayin mai da lambobi sauti. Sai dai wannan dabara tsohuwa ce, domin na'urorin CD na farko na Philips suna ninka awo sau huɗu, kuma kusan kowace na'urar mai da lambobi sauti ta yau tana yin haka a cikinta. Don haka mai sayen akwatin yana biyan dubban fam ne domin ya musanya matatar da yake da ita da wata.

Masu kare wannan ciniki suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Rob Watts, wanda ya tsara akwatin ninkawa na Hugo M Scaler da Chord ya fitar a 2018, yana ganin cewa matata mai matakan lissafi fiye da miliyan ɗaya ta fi kusantar cikakkiyar matatar da ƙa'idar Shannon ta siffanta. A lissafi haka yake, kuma na'urar awo tana iya nuna bambancin. Amma abin da na'ura ke iya aunawa ya fi abin da kunne ke iya ji yawa nesa ba kusa ba, kuma mafi yawan bambancin matatun kirki yana can ne a bakin iyakar ji.

Gwaji ne kaɗai ke raba wannan gardama, kuma hanyarsa sananniya ce. Ana daidaita ƙarfin sautin na'urori biyu har tazararsu ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na desibel ba, wato ma'aunin ƙarfin sauti, domin wanda ya ɗan fi ƙara yakan zama kamar ya fi daɗi. Daga nan a kunna wa mai sauraro na farko, a kunna na biyu, sannan a kunna wani ɓoyayye ya faɗi wanne ne, a maimaita sau goma sha shida; idan ya dace sau goma sha biyu, an fara samun abin dubawa. Floyd Toole da Sean Olive sun nuna a 1994 cewa makin da mutane ke ba lasifika yana sauyawa idan suna ganinta. A 2007 Brad Meyer da David Moran suka kwatanta faifai masu awo mai yawa da sautinsu bayan an rage shi zuwa ma'aunin CD, aka dace sau 276 cikin 554, wato daidai da canki-canka. Nazarin da Joshua Reiss ya yi a 2016, wanda ya haɗa bincike 18, ya sami dacewa kashi 52.3 cikin ɗari, sai dai ya shafi sautin da ke ɗauke da ƙarin bayani tun asali, abin da akwatin ninkawa ba ya iya samarwa.

Nauyin kawo hujja yana kan mai sayarwa, kuma kamfanin da ke cewa bambancin a fili yake ba shi da uzurin ƙin shirya gwajin da ba zai ci masa yini guda ba. Kafin a ga sakamakon wannan gwaji, mai kuɗin kashewa gara ya zuba su a lasifika da gyaran ɗakin sauraro, domin a nan ne kurakurai ke kai desibel da yawa, kuma kowa yana jin su ko an rufe masa ido.