Shayin Da Ake Kira Da Lamba A Nguru Da Gashua

Duk wanda ya taɓa zama cikin 'yan tireda a kasuwar Nguru ko ta Gashua ya san yadda ake cinikin ɗanyen ganyen shayi, wanda wasu ke kira shayin Buzaye. Mai saye ba ya kiran suna, sai lamba. Wani ya ce a ba shi 3505, wani 4011, mai ɗan hali kuwa ya nemi 41022. Kaɗan ne suka san cewa lambobin nan daraja ce da masu fitar da kaya a ƙasar Sin suka yanka wa ganyen, kuma ba iri ɗaya ne a cikin kwalayen ba.

Wanda aka fi sani shi ne 3505, mai ƙwayoyi dunƙule-dunƙule, wanda Turawan Ingila suka laƙaba wa sunan albarushi. Asalinsa lardin Zhejiang. Sauran biyun kuwa wani ganye ne dabam mai suna Chunmee, watau gira mai daraja, domin an murza shi siriri ya ɗan lanƙwasa kamar gashin gira. An san shi da lardunan Anhui da Jiangxi. Itacensa ɗaya ne da na baƙin shayin da ake nomawa a Kakara, bisa tsaunin Mambila. Bambancin a wajen aiki yake: da an tsinko ganyen sai a gasa shi a kasko mai zafi tun bai rine ba, shi ya sa ya tsaya kore.

Doguwar hanya ya biyo. A zamanin yaƙin Kirimiya, wajen 1854, fataken Ingila sun rasa kasuwarsu ta wajen Rasha, suka juye kayansu a Tanja da Mogado cikin Maroko. Daga nan al'adar ta ratsa hamada tare da ayarin raƙuma. Nguru kuwa, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso ta daga Kano wajen 1930, ta zama mahaɗar fatake masu ƙaro da fatu da dabbobi daga arewa, kuma inda Buzu ya sauka, butarsa na nan tare da shi.

To, ga inda gizo ke saƙa. Dahuwar da aka saba, a ɗora buta kan gawayi ta yi ta tafasa, a zuba sukari da na'ana'a, a yi ta ɗagawa har kumfa ta hau, a sha na fari da na biyu da na uku, dahuwa ce mai daɗin hira. Amma tana rufa wa mugun ganye asiri. Bayan tafasar rabin sa'a da sukari cike da hannu, harshe ba ya iya rarrabe sabon ganye da wanda ya shekara biyu a rumfa yana shan rana, balle wanda aka cuɗa da gari da kara. Mai saye ya biya kuɗin 41022, ya sha abin da bai kai 4011 ba, yana godiya.

Mutanen Sin ba su tafasa shi. Sukan bar ruwa ya ɗan huce bayan ya tafasa, su zuba a kan ƙaramin cokali ɗaya na ganye, su jira minti biyu, su sha ba sukari. Wanda ya gwada haka a karo na farko yakan yi mamaki. Ruwan yakan fito fatsi-fatsi mai ratsin kore, da ɗan tsami mara ƙarfi, bauri kaɗan, sannan wani zaƙi ya biyo baya a maƙogwaro. Idan ya fito ja-ja, ko yana warin tsohon buhu, ganyen ya kwana biyu. A duba abin da ya kwanta a gindin kofi: na kirki yakan buɗe ya koma ganye sosai, na banza sai dusa.

Sai dai a kula da ruwa. Ƙasar Manga ƙasar kanwa ce, kuma ruwan rijiya mai kanwa yana duhunta shayi, ya kashe ƙanshinsa, har a zargi ɗan tireda da laifin da ba nasa ba. A gwada da ruwa mai daɗi, kuma a sayi ƙaramin ƙulli tukuna kafin a ɗauki kwali.