Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni: magana kan 'yar na'urar sigina mai araha

Yau rubutun zai yi tsawo, mai sauri ya wuce abinsa, ba zan ji haushi ba.

Shekaranjiya na sa hoton wata 'yar na'ura da na kwance a kan teburina, ga sukundireba ga ƙarfen narka dalma a gefe, na ce janaretan sigina ce. Wasu suka yi ta dariya, wai wane irin janareta ne wannan ba tankin mai. Wannan raha ce, na karɓa. Amma wani babban abokina, injiniya ne kuma ina ganin girmansa, ya rubuto cewa araha ba ta ado, wannan kayan wasan yara ne, kuma bai dace ma'aikacin gwamnati irina ya riƙa kwaɗaita wa malaman makaranta tarkacen China ba. To ita wannan ba zan bari ta wuce ba. Ba shi kaɗai ke da ra'ayin ba. Ra'ayi ne da ya yi kaka-gida a ofisoshinmu, kuma yaranmu ne ke shan wahalarsa.

Bari in fara da wanda bai san abin ba. Wannan na'ura ba ta ba gida wuta. Aikinta ta fitar da 'yar ƙaramar wutar lantarki mai hawa da sauka, a siffar da ka zaɓa, da saurin da ka zaɓa. Kana iya cewa ta ba ka mai lanƙwasa irin igiyar ruwa, ko mai hawa da sauka tsaye kamar dakali, ko mai kama da haƙorin zarto. Saurin kuwa ana ƙirga shi da yawan bugu a daƙiƙa ɗaya, shi ake kira haz. Wutar gidajenmu haz 50 ce. Kunnen matashi mai lafiya yana jin daga wajen haz 20 zuwa 20,000.

Meye amfaninta? A ce an kawo maka amfilifayar masallaci ta daina magana. Wanda ba shi da kayan aiki sai ya hau canza sassa da ka, ya cire wannan ya sa wancan, mai kaya yana biya. Mai wannan na'ura sai ya zuba sautin haz 1,000 ta inda makirfo ke shiga, ya bi shi mataki-mataki har inda ya ɓace. Nan ciwon yake. Haka mai gyaran rediyo: galibin rediyon AM suna da wani sashe na tsakiya da ke aiki a kilohaz 455, na FM kuwa a megahaz 10.7, kuma da irin wannan na'ura ake saita su. Mai gyaran inbata, mai gwada lasifika, malamin kimiyyar lantarki, duk suna bukatarta. In an haɗa ta da osiloskop, wato na'urar da ke nuna siffar wutar a allo, to yaro zai ga da idonsa abin da aka shekara ana zana masa da alli.

Yanzu ga abin da ke ci min rai. Wasu shekaru da suka wuce aiki ya kai mu wata makarantar fasaha, ba zan faɗi suna ko jiha ba. Muka ce a nuna mana kayan ɗakin gwaji. Aka yi ta neman mai makulli. Da aka buɗe kabad, sai ga janaretan sigina na wani babban kamfani, irin wanda injiniya zai gani ya yi murmushi, yana cikin kwalinsa, ko ledar ba a yage ba. Na ja malamin gefe na ce, Malam, me ya hana ku amfani da shi? Ya ce, "Ranka ya daɗe, in ya lalace a hannuna, albashina na shekara ba zai biya ba." Wallahi ban ga laifinsa ba. A littafin odita komai ya cika: an saya, an kawo, yana nan lafiya lau. A ƙwaƙwalwar yaran kuwa babu komai. Sun gama makarantar ba su taɓa murɗa maɓallinsa ba.

Don haka nake tambayar abokina injiniya: tsakanin na'ura mai tsada da ke barci a kabad da mai araha da ke hannun yaro, wacce ce kayan wasa?

Mu yi lissafi. Irin wadda na saya, mai mafita biyu, wadda aka rubuta a kwalinta cewa tana kaiwa megahaz 60, ba ta kai dala 100 ba. Na manyan kamfanoni kuwa ana maganar dubban daloli. Kuɗin guda ɗaya mai tsada zai sa wa kowane benci nasa a ɗakin gwaji, har a yi ragowa. In yaro ya ƙona ɗaya, an yi asara kaɗan, an samu darasi babba, ba wanda za a tsayar wa albashi. Akwai ma wadda ta fi wannan araha, wadda ake sayarwa a warwatse cikin leda, mai ƙwayar XR2206, yaro ya zauna ya harhaɗa da hannunsa. Iyakarta wajen megahaz 1, siffarta ba ta da tsafta sosai, amma ranar da ya gama haɗa ta ya ji ta yi ƙara a lasifika, ba zai manta ba har ya tsufa.

Ba zan yi muku ƙarya in ce mai arahar ba ta da aibi ba. Tana da shi, kuma ni na ɗanɗana. Ran da na fara kunna tawa, na taɓa ƙarfen bakin mafitarta sai na ji wuta tana ɗan tsikarata. Na ɗauko mita na auna tsakanin ƙarfen da ƙasa, na ga abin ya haura bolt 100. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Filoginta ƙafa biyu ne, ba wayar ƙasa, kuma sashen da ke ba ta wuta irin na cajar waya ne mai araha. A irin wannan sashe akwai wani ɗan kafasita da aka sa don rage hayaniya, shi ke barin wajen rabin wutar gida ta bayyana a jikin ƙarfen. Rabin 230 kuwa 115 ne. Ƙarfin zubar kaɗan ne, mutum tsikara kawai zai ji, amma ya isa ya kashe wata lallausar ƙwaya a cikin kayan mutane da aka kawo maka gyara. Wannan aibi ne na gaske, duk mai irin wannan na'ura ya sani.

To me na yi? Ban jefar da ita ba, ban kuma zauna ina tsine wa China ba. Na buɗe ta.

Na farko, na cire soket mai ƙafa biyu na sa mai uku, na haɗa wayar ƙasa da ƙarfen mafita. Tsikara ta tafi. Amma ku lura: gidajenmu da yawa ramin nan na uku a bango ado ne kawai, ba a haɗa shi da komai ba. Sai da na kira mai wayarin ya kafa sandar ƙasa ta gaskiya kafin aikin ya yi amfani.

Na biyu, na fitar da sashen wutar gaba ɗaya, na maye shi da ƙaramar tiransifoma da ƙwayoyin daidaita wuta guda uku, 7812 da 7912 da 7805, waɗanda duk mai gyaran rediyo ya san su. Na'urar ta ƙara nauyi, amma ƙazantar da nake gani a jikin siginar ta ragu sosai.

Na uku, agogon cikinta. Duk wani sauri da take fitarwa daga wani ɗan kiristal take ƙirga shi, kuma kiristal mai araha yana kaucewa da zafi. Kuskuren kashi 20 cikin miliyan kamar ba komai ba ne, amma a megahaz 10 ya zama haz 200. Na sa mata irin wanda aka yi don ya jure sauyin zafi.

Na huɗu, ɗan fanka. Wanda ya ƙera ta bai san watan Afrilu a Kano ko Maiduguri ba, inda zafi ke haura digiri 40 a inuwa.

Gargaɗi kafin wani ya ce ni na sa shi: cire filogi kafin ka buɗe, kuma ka sani babban kafasitan sashen wuta yana iya riƙe sama da bolt 300 bayan an cire. Wannan kam ba tsikara ba ce. Wanda bai iya ba ya zauna kusa da wanda ya iya. Ba a ba yara wannan ɓangaren sai malami na tsaye a kansu.

Abokina zai ce, ka gani, ai ka tabbatar da maganata, kayan banza ne sai an gyara. Ni kuma na ce a'a, nan ne ma ribar take. A satin da na yi ina wannan aiki, ɗana na wajen goma sha biyar yana gefena, ya fahimci amfanin wayar ƙasa, ya gane bambancin tiransifoma da caja, ya kuma gano da kansa abin da ya sa bolt 10 da muka saita ya koma 5 da muka ɗora wa mafitar nauyin om 50: ita kanta tana da om 50 a ciki, sai suka raba daidai. Na koyi wannan a jami'a a takarda, na ci jarrabawa, amma sai yanzu ya zauna min daram. Na'urar da ba a yarda ka kwance ba, ba za ta taɓa koya maka wannan ba.

Kuma masu raina araha su koma tarihi. A 1939 wasu samari biyu, Bill Hewlett da Dave Packard, suka kafa kamfani a wani garejin mota a Palo Alto, jihar Kaliforniya ta Amurka. Kayansu na farko mene ne? Na'urar fitar da siginar sauti, mai suna 200A, a kan dala 54 da santi 40, alhali na sauran kamfanoni sun ninka haka sau da yawa. Dabarar da ta sa ta yi araha kuwa, ƙaramin ƙwan fitila ne Hewlett ya saka a ciki don ya daidaita ƙarfin siginar. Ƙwan fitila fa! Kamfanin Disney ya sayi guda takwas na samfurin da ya biyo baya don aikin sautin fim ɗin Fantasia na 1940. Daga nan HP ta taso. Sashenta na kayan awo ya koma Agilent a 1999, daga bisani ya zama Keysight a 2014, ɗaya daga cikin kamfanonin da yau ake rantsuwa da kayansu masu tsada. Wato kakan mai tsadar ma mai araha ne. Da irin tunaninmu aka bi, da an ce wa samarin nan su kwashe tarkacensu.

Ban ce mai tsada ba ta da wuri ba. Inda ake gwada kayan asibiti, ko na'urorin filin jirgin sama, ko ɗakin da ake tantance ma'auni, a sayi mafi kyau, mai takardar shaida, kada a yi wasa da ran mutane. Megahaz 60 ɗin da aka rubuta a kwalin tawa ma, da ka doshi can sama ƙarfinta ke raguwa, siffar dakali kuwa tun kafin nan ta lalace. Na san iyakarta. Amma yaron da ke koyon mene ne haz, ba ya bukatar abin da ake auna tauraron ɗan'adam da shi. Ba a koya wa mutum tuƙi da motar gwamna.

Gaskiyar da ba ma so mu faɗa, mu ma'aikata, ita ce: kaya mai tsada ya fi daɗin rubutawa a takardar kwangila. Ya fi kyau a hoto ranar da manya suka zo yanke kyalle. Abu ɗaya mai tsada ya fi guda talatin masu araha sauƙin lissafi, kuma kowa ya san sauran zancen. Ni ma cikin tsarin nake, ban wanke kaina ba. Na sha sa hannu a rahoton da ya ce kaya sun cika, ban tambaya ko an taɓa kunna su ba.

A 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin farfaɗo da ilimin sana'a da fasaha. Abu ne mai kyau, Allah Ya sa ya ɗore. Amma in kuɗin ya ƙare a kabad, mun koma gidan jiya. Ga abin da nake roƙo, kuma ba ya bukatar sabuwar doka. A sa wa kowane benci na'urarsa, ko da mai araha ce. A ɗauke ta a matsayin kayan aiki mai ƙarewa, kamar alli, a daina tsorata malami da biyan diyya in ta lalace a wajen koyarwa. A ba malamai izini a rubuce su buɗe, su gyara, su inganta. A tabbatar kowane ɗakin gwaji yana da wayar ƙasa ta gaskiya. Mai duba makaranta kuma ya daina tambayar "tana nan?", ya koma tambayar "yaro nawa suka taɓa ta a wannan zangon?"

Ku je Panteka a Kaduna, ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ku ga abin da samari ke yi da mita ɗaya da ƙarfen dalma. Ba basira muka rasa ba. Makulli ne ya yi mana yawa.

Injiniya, girmanka yana nan, kuma shayin Asabar yana nan. Ka zo da taka mai tsadar in za su ba ka aro daga ofis, mu jera su a tebur mu auna. In tawa ta sha kaye zan faɗa a nan kowa ya gani. Amma ka sani, tawa ɗana ya riga ya ga cikinta.

Malaman fasaha da masu gyara da ke bibiyata, ku faɗa mana abin da ke kulle a kabad ɗinku, ba sai kun ambaci sunan makaranta ba. Allah Ya sa mu dace.