Allura Ma Alƙalami Ce

Manazarta sun saba kasa adabin Hausa gida biyu, wato adabin baka da rubutaccen adabi. Amma akwai wata taska da ake yi wa riƙon sakainar kashi, ita ce tarihin da allura da zare suke adanawa. Rayuwar wata Bayahudiya mai suna Esther Nisenthal Krinitz ta isa hujja a kan haka.

An haifi Esther a shekarar 1927 a ƙauyen Mniszek na ƙasar Poland, ta kuwa koyi ɗinki tun tana ƙarama. Sojojin Jamus suka mamaye ƙasar a 1939. A watan Oktoba na 1942 aka umurci Yahudawan yankin da su bar gidajensu su nufi tashar jirgin ƙasa. Esther, tana 'yar shekara 15, ta ƙi bin ayarin. Ta ja ƙanwarta suka ɓad da kama, suka zama kamar 'yan matan ƙauye Kiristoci, suna aikatau a gidajen manoma har sojojin Rasha suka iso a 1944. Iyayensu da sauran 'yan'uwansu kuwa, ba a sake ganinsu ba. A 1949 ta ƙaura zuwa Amurka.

Sai a 1977, tana da shekara 50, ta fara ɗinka labarinta a kan ƙyalle, domin 'ya'yanta su ga gidan da ta tashi a ciki. Kafin rasuwarta a 2001 ta ɗinka hotuna 36, tana haɗa su da ɗan bayanin da shi ma da zare ta rubuta. Gani ya kori ji. Waɗanda aka so a shafe har sunansu, ga su tsaye a ƙofar gidansu.

Mai karatu yana iya cewa ɗinkin Bahaushe ba ya zana mutane, iyakarsa aska biyu da aska takwas da adon hula. Gaskiya ne. To, amma kowace tsohuwar riga da ke kwance cikin adaka tana da labari: wa ya kaɗa zarenta, wa ya saƙa, a wace marina aka rina ta, kuma wace shekarar yunwa ce ta kusa sa a sayar da ita? Tsofaffin Kaikai da sauran ƙauyukan Kankiya da Kusada sun ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sun ga farin 1973. Wasunsu da mazari ko allura suka ciyar da iyali a lokacin.

Saboda haka ya kamata Sashen Hausa ya tura masu rubuta kundin digiri zuwa wurin waɗannan mutane, su naɗi maganarsu, su ɗauki hoton aikin hannunsu, su rubuta sunan kowane zane. Esther ta sami shekarun da ta ɗinka nata labarin da hannunta. Da yawa daga masu kaɗi da masaƙan ƙasar Katsina, ido ya riga ya gaza, sauran baki kawai.