Idan Maki Ya Gaza, Wa Zai Yi Bayani?

Duk shekarar da sakamakon JAMB ya fito, mukan ga ɗalibanmu na dā sun dawo mana da takarda a hannu, fuska a murtuke. Yarinyar da ta fi kowa iya muhawara a aji shida, wadda take burin zama lauya, ta tashi da maki ƙasa da 200 cikin 400. Karatun lauya kuwa yana cikin fannonin da aka fi rububi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta Ahmadu Bello da ta Bayero.

A Amurka, mai neman shiga makarantar lauya yakan iya haɗa gajeriyar takarda da ke bayyana dalilin ƙarancin makinsa a jarrabawar LSAT, ko rashin lafiya ko rasuwa a gida. A nan babu wannan gurbi. Kwamfuta lamba kawai take gani.

Da akwai gurbin, 'ya'yanmu suna da abin faɗa. Tun 2015 JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, alhali yaro daga ƙauyukan Shanga ko bakin tafkin Kainji yakan taɓa ta a karon farko ana gab da jarrabawa. Bayan sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, tsoro ya katse karatun yara da yawa. A watan Mayun shekarar, jirgin ruwa ya nutse kusa da Wara a Ngaski, gidaje suka shiga makoki. Ita ma JAMB ta amsa a 2025 cewa tangarɗar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai sama da 379,000, ta sake musu jarrabawa. Ashe maki ba ya faɗin dukan gaskiya.

Sai dai uzuri ba ya ƙara maki ko ɗaya, kuma mai son zama lauya ya kamata ya fara da faɗin gaskiya a kan kansa. Ku zaunar da shi, iyaye: a wane darasi ya faɗi? Turanci ne, ko Adabin Turanci wanda karatun lauya ke buƙata? Rashin malami ne, ko rashin zama kan littafi? Amsar ce za ta nuna hanya: ko ya sake jarrabawar, ko ya bi ta IJMB ya nemi shiga aji biyu kai tsaye. Jihar Kebbi tana cikin jihohin da aka ware wa kaso na musamman wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya, amma kason ba ya ɗaukar wanda bai kai ƙa'ida ba.

Mu ma malaman firamare muna da bayanin da za mu yi. Yaron da ya bar hannunmu bai iya karanta sakin layi da fahimta ba, tun a lokacin ya fara rasa makinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Don haka muna kira ga reshenmu ya sa batun kwamfutoci da littattafan karatu a gaban hukumar ilimi, kusa da batun albashi, a zamansa na gaba.