Babur Mai Injekta: Ku Duba Batir Kafin Ku Zagi Inji

Jama'a, makon jiya wani ƙanena ya bugo mini waya daga Gombe yana ta ƙorafi. Babur ɗin da muka haɗa kuɗi muka saya masa, irin mai injekta, watau wanda ba shi da kafireto, ya fara yi masa gardama da asuba. In ya danna sitata sai ta riƙa juyawa a hankali kamar tsohon da ya tashi daga barci, wani lokaci ta yi "ƙas-ƙas" ta yi shiru. Ya tura shi daga Pantami har wajen Tashar Dukku, bakaniken da ya gani kuwa bai ko tsuguna ba ya ce ƙwaƙwalwar babur ce ta mutu, a kawo kuɗi ya cire injekta ya ɗaura kafireto.

Na hana shi. Kuma dalilin da ya sa na kawo zancen a wannan fili shi ne, da yawa daga cikinmu mazauna Ikko da Badun da Shagamu mu ne ke aika kuɗin babur gida. Tun da gwamnatin Jihar Legas ta hana acaba a Ikeja, Surulere, Apapa da wasu ƙananan hukumomi uku ran 1 ga Yuni, 2022, 'yan'uwanmu da dama suka koma Arewa da sana'arsu. Babur ɗin nan shi ne gonarsu. Ranar da bai tashi ba, ba a ɗora tukunya.

To, ga yadda abin yake. Sitata ƙaramar na'ura ce mai jan wuta da yawa daga batir domin ta murza inji. In ta yi sanyin juyi, ƙarancin wuta ne ko ita kanta ta gaji. Injekta ba ta da hannu a ciki, domin aikinta fesa mai ne kawai. Batir mai lafiya, in babur na kashe, mita za ta nuna wajen bolt 12.6. In an danna sitata ya faɗi ƙasa da bolt 10, batir ya yi rauni. In inji na aiki kuma mita ba ta kai wajen 13.5 zuwa 14.5 ba, to babur ba ya caji, sai a duba kwayil da ragileta, in ba haka ba sabon batir ma kwana kaɗan zai yi. In kuwa batir ya tsaya da ƙarfinsa amma sitata na jan ƙafa, a duba kawunan batir ko sun yi farar tsatsa, a duba wayar da ke ɗaure da jikin babur ko ta saki, sa'an nan a buɗe sitata a ga ko gawayinta ya cinye. Duk wannan bincike bai fi na minti 15 ba ga wanda ya san aikinsa.

Inda mai injekta ya bambanta da tsohon Boxer shi ne, famfon mansa da ƙwaƙwalwarsa duk da wuta suke aiki. In ka murɗa makulli za ka ji ɗan gunji na daƙiƙa biyu ko uku, famfo ke nan yana tura mai. In sitata ta shanye 'yar wutar da ta rage, ƙwaƙwalwa ba ta samun abin da za ta ba da umarni da shi. Shi ya sa a yawancinsu, in batir ya mutu murus, ko ka tura shi gangaren nan na Tumfure ba lalle ya tashi ba. Nan ne bakanike ke ruɗewa ya ɗora wa ƙwaƙwalwa laifi, alhali kuwa yunwa ce ke damunta.

Amma fa ba kanikawa kaɗai ke da laifi ba. Mu ma da namu. Yaro ya sayi babur yau, gobe ya ƙara masa fitilu huɗu, da hon irin na tirela, da akwatin kiɗa, ga wayar caji har ta fasinja. Batir ɗan ƙarami, an ɗora masa kayan raƙumi. Ga zafin Gombe na watan Maris da Afrilu da ke dafa batir a hankali. Sai sanyin hunturu ya zo da asuba ya tona asirinsa, mai babur ya ce sanyi ne ya kashe shi. Ga kuma sayen batir mai araha, wanda an san ba ta ado. Ni kaina na taɓa sayen irinsa a bakin titi, bai ga watan uku ba.

Wani zai ce, to me ya kai mu, tun da mafi yawan baburan haya a Gombe har yanzu masu kafireto ne? Gaskiya ne. Sai dai ƙasar Indiya, inda Bajaj da TVS suke, ta tsananta dokar hayaƙi tun watan Afrilu na 2020, abin da ya sa kamfanoninta suka koma injekta a yawancin baburan da suke sayarwa a gida. Abin da ya ci kasuwar Indiya kuwa ba ya daɗewa bai leƙo tamu ba. Sa'an nan tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kowane ɗigo kuɗi ne, injekta kuwa ta fi kafireto auna mai. Wanda ya cire ta ya ɗaura kafireto ya sayi sauƙin yau da asarar kullum.

Saboda haka shawarata ga mai aika kuɗi gida: in za ka sayi mai injekta, nemi wanda ke da kik tare da sitata, domin batir mai rauni kan iya kunna famfo ko da ya kāsa murza inji. Ka ƙara da kuɗin mita, ba ta kai kuɗin batir ɗaya ba. Ka gaya wa yaro kada ya danne sitata fiye da daƙiƙa biyar, ya huta ya sake. Ƙungiyoyin kanikawa da na 'yan acaba a Gombe kuwa, ya kamata su nemi dillalan da ke kawo waɗannan babura su koyar da yaransu aikin waya.

Ƙanena dai ya kai babur wurin wani rewaya a Jekadafari. Wayar jiki ce ta saki, kan batir kuma ya yi tsatsa. An kankare, an ɗaure, an shafa basilin.