Filin Golf Ba Ya Raya Ƙauyen Bakin Teku

Filin wasan golf mai ramuka 18 yakan ci hekta 50 zuwa 70 na ƙasa, kuma ciyawarsa tana neman ruwa da taki da aski ba fashi. A ƙasashe da dama, hukumomin yawon buɗe ido sun ɗauki irin wannan fili a matsayin maganin talaucin ƙauyukan bakin teku: attajiran baƙi su zo, su kwana a otal, su kashe kuɗi, matasa su samu abin yi su daina gudu birni. Ra'ayin ya samu gindin zama har ana yi wa mai ja da shi kallon maƙiyin ci gaba. Amma ra'ayi ne maras tushe, kuma abin da ya faru a Scotland da Fotugal ya isa shaida.

A 2006 Donald Trump ya sayi gandun Menie, kusa da ƙauyen Balmedie, arewa da birnin Aberdeen. Alkawarin da ya zo da shi babba ne: jarin fam biliyan ɗaya, ayyuka 6,000, otal mai ɗakuna 450, gidajen hutu 950 da gidajen zama 500. A Nuwamban 2007 kwamitin majalisar Aberdeenshire ya ƙi amincewa da shirin, saboda wani ɓangaren filin ya faɗa cikin Foveran Links, yankin da doka ta keɓe don darajarsa a kimiyyance. Gwamnatin Scotland ta karɓe maganar daga hannun majalisar, ta ba da izini a 2008, da hujjar cewa ribar tattalin arziki ta rinjayi ɓarnar muhalli.

An buɗe filin a 2012. Babban otal ɗin bai tashi ba, ma'aikata sun tsaya a wajen ɗari maimakon dubbai, kamfanin Trump kuma ya yi ta bayyana asara shekara bayan shekara. Ɓarnar kuwa ta cika cif. Darajar wurin tana cikin tuddan rairayinsa masu tafiya: iska ce ke tura su sannu a hankali, suna binne tsiro a nan, suna buɗe wa wani tsiron wuri a can. Ɗan wasa ba ya son ramin da yashi zai rufe gobe, don haka aka baje wasu tuddan, aka dasa ciyawa mai doguwar saiwa ta ɗaure sauran. A Disamban 2020 hukumar kula da muhalli ta NatureScot ta cire wannan sashe daga wuraren da ke da kariya, domin abin da ake karewa ya riga ya lalace. Maƙwabtan da suka ƙi sayar da gidajensu kuma sun wayi gari an tara tudun ƙasa an dasa itatuwa a gefensu, don kada baƙi su hango su. Romon baka aka ba mutanen yankin, suka biya da gadon da ba a sake gina irinsa.

A Algarve, kudancin Fotugal, ruwa ne abin rigima. Filin golf mai ciyawa na farko a yankin, Penina, an buɗe shi a 1966 a kan tsofaffin gonakin shinkafa, yau kuma akwai filaye kusan 40. Yanki ne mai dogon rani, ruwansa yana fitowa daga madatsai irin su Bravura da Odelouca da Odeleite, da kuma rijiyoyin burtsatse. A 2022 ruwan Bravura ya yi ƙasa ainun har aka hana manoma ban ruwa daga gare shi. A farkon 2024 gwamnati ta sanar da rage ruwan noma da kashi 25 cikin ɗari, na birane da kashi 15. Masu filayen suna kare kansu da cewa noma ne ke shan fiye da rabin ruwan yankin, su kuwa rabonsu bai kai kashi 10 ba. Lissafin daidai ne, sai dai gonar lemu abinci take bayarwa ga dubban mutane, ciyawar golf kuwa takawa ake yi. Kuma a bakin teku, duk rijiyar da aka zuƙe fiye da kima tana jawo ruwan gishiri cikin na daɗi, manomin da ke maƙwabtaka shi ke fara ɗanɗanawa.

Hujja mafi ƙarfi ta magoya baya ita ce 'yan golf suna zuwa Algarve a watannin da masu wankan teku ba sa nan, otal-otal su ci gaba da aiki. Haka ne. Amma ayyukan da ke faɗowa hannun 'yan gari su ne yankan ciyawa, gyaran ɗaki da hidimar abinci, da albashi kaɗan. Gwaggwaɓar riba tana cikin gidajen alfarma da ake jerawa a gefen filin, kuma sau da yawa filin golf shi ne mabuɗin samun izinin gini a inda doka ta hana. Farashin ƙasa ya tashi, haya ta gagari ɗan masunci a garin da aka haife shi, kuɗin kuma su bi masu jari zuwa wani wuri.

Wasan kansa ba shi da laifi. A garin St Andrews na Scotland filayen golf suna hannun wata hukumar amintattu da dokar 1974 ta kafa don amfanin jama'a, mafi tsufansu kuma akan rufe shi ranar Lahadi mutanen gari su yi yawo a kai. Gwamnatin Scotland ma ta nuna ana iya cewa a'a, lokacin da ta ƙi shirin filin golf na Coul Links a 2020 saboda tuddan rairayinsa masu kariya.

Saboda haka ƙa'idar da ta dace a bayyane take. Wurin da doka ta kare ba ya zama abin ciniki. Filin da ke ƙasar fari ya sha ruwan kwata da aka tace, ya bar na madatsa da na rijiya. Alkawarin ayyuka da gine-gine a rubuta shi cikin sharuɗɗan izini, tare da tarar da za a biya idan aka saɓa. Mai jarin da ya ƙi waɗannan sharuɗɗa ya nuna cewa ribarsa a kan asarar 'yan gari ya gina ta, kuma hukumar da ta ba shi izini duk da haka ta ci amanar mutanenta.